Kaka Lawal Tafireta da Hannuna na Hagu

Duk wanda ya san Kaka Lawal Tafireta ya san aljihun rigarsa ba ya rabo da abu biyu: goro da mawus ɗin kwamfutocin mutane. Kar ku yi dariya, da yawanku an yi muku! Zai shigo ofis ko shago da sallamarsa, a gaisa, a tambayi iyali, idonsa kuwa yana kan hannunka. Da ya ga ka saki kibod ka miƙa hannu wajen mawus, sai ya yi tsaki, ya matso kamar zai duba wani abu a jikin kwamfutar, ya zare wayar a hankali, ya nannaɗe, ya jefa aljihu. In ka yi magana ya ce, "Aro na yi. Ranar da ka iya aiki ka zo ka karɓa."

Akwai wani bawan Allah mai shagon buga takardu a Kongolam da sai da ya hau babur ya biyo shi har Daura, ya same shi a teburin mai shayin bakin tasha. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don girman Allah ka ba ni. Tun safe ban yi ciniki ba."

Kaka ya kurɓi shayinsa ya ce, "To ka ga illar abin ke nan. Abu ɗan mitsitsi ya rufe maka shago."

Tun zamanin tafireta yake buga takardu, har sunan ya bi shi. Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka ce su kam sun gama, suka koma gona da kiwo. Shi kuwa ya zauna ya koya, ya buɗe ɗan shagonsa a bakin tasha bayan ya yi ritaya, amma da sharaɗin hannunsa ba zai bar kan kibod ba. Cewa yake, "Duk miƙa hannun da ka yi wajen wancan abin, tafiya ce ka yi. Mai yawan tafiya kuwa ba ya gama noma." Komai yana da hanyar yanke da yake bi da yatsu, ya danna wannan haɗe da wancan, kafin ka ƙifta ido an wuce wurin.

Ni Dije, jikar yayansa ce, don haka akwai wasa tsakaninmu. Ɓarawon mawus nake ce masa a gaban kowa, shi kuma ya ce min ragguwa. Ban taɓa zaton wannan taurin kan nasa zai zama sanadin abincin 'ya'yana ba, sai shekarar da na yi hatsari.

Wasunku sun tuna. Daga Mai'aduwa muke dawowa a kan acaɓa, akuya ta gifta, muka zube. Hannuna na dama ya karye a wuyan hannu. An yi asibiti, an yi ɗori, ƙashi ya kama, amma yatsun suka ƙi. Ba sa lanƙwasuwa, ba sa riƙe ko cokali. Ni kuwa sakatariya ce a wata makarantar kuɗi, da yatsun nan nake ci, baban yarana kuma ya riga mu gidan gaskiya. Hajiya mai makarantar ta zo har gida ta duba ni, kuma ba ta ɓoye min ba. Ta ce, "Dije, ba korar ki zan yi ba, amma jarrabawa ba ta jiran kowa. In lokacin buga tambayoyi ya zo kika iya, kujerarki ce. In ba ki iya ba, dole in sa wani." Gaskiya ta faɗa. Tana fita na kifa kai na yi ta kuka.

Ranar da Kaka ya zo, ɗakina cike yake da 'yan dubiya. Ga lemo, ga ayaba, ga madara, kowa sai sannu da ƙaddara. Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, tana cikin ba ni haƙuri tana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in cire aikin ofis daga raina, a nema min 'yar sana'ar cikin gida. Sai ga tsohon nan ya ɗaga labule, da wani tsohon kibod a hammata, wayarsa tana jan ƙasa. Wallahi ko sannu bai ce min ba.

Ya ce, "Na hagun ma ya karye?"

Na ce, "A'a."

"To kukan me kike yi?" Ya juya wajen Gwaggo. "Ke Ladi, tun daga zaure nake jin ki. Jinka aka ce. Wa ya gaya miki kwamfuta jinka ce?"

Gwaggo ta ja gyalenta ta kau da kai. Ya dangwara min kibod ɗin a cinya ya ce wannan ce tasa dubiyar, ba a ci, ba a sha. Na juya shi na ce, "Kaka, ai babu kwamfutar."

Ya ce, "Ke ma ai babu hannun. Kun dace."

Matan ɗakin suka ɗauki salati. Ni kuwa, oh ni Dije, dariya ce ta kufce min, ta farko tun ranar da na faɗi. Na yi ta yi har da hawaye, shi kuma ya zauna ya ɓare ayabata ya cinye.

Da na samu ƙarfin fita, kullum in na sallami yara makaranta sai in wuce shagonsa. Ya zaunar da ni, ya kama ɗan ƙaramin yatsana na hagu ya ɗora a kan maɓallin Kwantirol ya ce, "Nan ne gidansa, kar ya je ko'ina. Yanzu haɗa da C, kin kwafa. Haɗa da V, kin sauke abin da kika kwafa. X, kin yanke. A, kin tattara duka. S, kin adana. Z, kin janye kuskure. Alt da Tab, kin leƙa wancan aikin kin dawo. Duk a wane ɓangare suke?"

Na ce, "A hagu."

Ya buga cinya. "To! Wanda ya ƙera kibod bahago ne."

"Kai Kaka! A ina ka karanta wannan?"

"Sai na karanta? In kika shiga gida kika tarar an rataye ludayi da muciya duk a hagu, sai an gaya miki wace ce matar gidan?"

Haka ya kafe a kan maganar nan. Duk wanda ya shigo buga takardar haya ko ta neman aiki, sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin bahagon. Har siffanta shi yake yi, wai gajere ne mai haƙuri. Abin ya ishe ni, na yi ta neman inda zan kama shi, sai ranar da muka zo fitar da takarda a firinta. Ya ce in haɗa Kwantirol da P. Na miƙa yatsu, na miƙa, ina! P tana can ƙarshen dama. Na kalle shi na ce, "To Kaka, P fa? Bahagon naka ne ya kai ta can?"

Ya kalli kibod. Ya kalle ni. Ya ɓantari goro ya tauna. Can ya ce, "Tashi mu rufe, lokacin salla ya yi." Wallahi ko alamar kiran salla babu, ko hantsi bai wuce ba.

Washegari na tarar da shi yana ta murmushi tun daga nesa. Ya ce in zauna in ƙwanƙwasa maɓallin Shif sau biyar. Na yi, kwamfuta ta yi ɗan ƙara, ta yi tambaya, ya ce in danna Enta. Daga nan sai ya zama in na taɓa Kwantirol na saki, tana nan a riƙe har in je in taɓa P in dawo. Shi "riƙe-min" yake kiran abin. Na yi murna ƙwarai, amma ban bar shi ya sha ba. Na ce, "Duk da haka ba ka amsa min ba. Wa ya kai P can?"

Ya ce, "Ranar bahagon ya tafi ta'aziyya. Yaronsa ne ya ƙarasa aikin."

Abu ɗaya da nake yaba masa, bai taɓa yi min ƙarya a kan saurina ba. Da hannu ɗaya nake bin haruffa daga wannan gefe zuwa wancan, kafaɗata tana ciwo, rubutun yana tafiyar hawainiya. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ba za ki kai masu hannu biyu gudu ba, kar ma ki sa rai. Amma su yawo suke yi, ke ba za ki yi ba." Ya koya min kar in sake buga abin da na taɓa bugawa. Kan takardar jarrabawa iri ɗaya ne, sunan makaranta, aji, umarni, sai in kwafa in sauke in canza abin da ya canza. In kalma ta ɓace min, Kwantirol da F ta nemo ta. In zan zaɓi layi, Shif da kibiya. A hankali na ga shafin yana cika, duk da cewa tsoron ranar buga tambayoyi bai taɓa barina ba.

Sai kuma ya yi min abin da har yau in na tuna sai na ji haushi. Wata rana na dage tun safe, na cika shafi guda cif, na farko da na yi ba kuskure. Ina cikin jin daɗi, zan juya in nuna masa, sai ɗif! Kwamfuta ta mutu. Na ɗaga kai, fanka tana juyawa abinta. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ga babban yatsan ƙafar Kaka a maƙale da wayar fulogi.

Ya ce, "Kin adana?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Masu wuta ba sa sallama."

Jama'a, ranar na manta da wasan jika da kaka. Na miƙe na ce masa mugu ne, ba shi da imani, ya ƙyale ni in ji da abin da Allah ya ɗora min, ni nakasasshiya ce, Gwaggo Ladi ta fi shi gaskiya. Na fito ina kuka a bakin tasha, 'yan kamasho suna kallona, ko a jikina. Na koma gida na tura tsohon kibod ɗinsa ƙarƙashin gado, na ce na bar aikin, Hajiya ta sa wanda za ta sa.

Kun san duk garin nan mutum ɗaya Kaka yake tsoro, matarsa Inna Rabi, 'yar garin Babban Mutum, wadda ba ta ɗaga murya amma ba a tsallake maganarta. Bayan kwana biyu sai ga ta ta taso ƙeyarsa har tsakar gidana. Ya tsaya yana kallon sama, yana kallon kaji, yana kallon randa. Inna ta ce, "Malam, muna jin ka."

Ya ɗan taɓa gwiwarsa da yatsu biyu ya ce, "Kwantirol da Z."

Inna ta ce, "Ji min mutum! Bakinka ba kwamfuta ba ne, Malam. Magana ma zarar bunu ce, balle fulogi. Da baki za ka ba ta haƙuri."

Ya yi gyaran murya. "To Dije, ki yi haƙuri da masu wuta."

"Malam!"

"Da ni."

Na so in ci gaba da fushi, amma ina! Ya jawo turmi ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, murya ta sauka. Ya ce, "Dije, in wuta ta ɗauke a shagona, shafi kika rasa. In ta ɗauke a gaban Hajiya, aikin kika rasa. Masu hannu biyu za su sake bugawa. Ke ba ki da wannan lokacin." Na shiga na jawo kibod daga ƙarƙashin gado na karkaɗe shi. Tun daga ranar, ko saƙo nake rubutawa, yatsuna ba sa gama layi ba su koma kan S ba.

Da lokacin jarrabawa ya matso, sai wata damuwar ta taso min, wadda na ji kunyar faɗa wa kowa. Ba bugun ba. Miƙa takarda. Yaya zan tsaya gaban Hajiya, ko gaban malamai dattawa, in miƙa musu abu da hagu kamar marar tarbiyya? Tun muna yara ake buge mana hannu a kan haka. Da na gaya masa na zaci zai yi min dariya, sai ya ce, "Ki miƙa da hagun, ki tallafo shi da na daman ta ƙasa. Kowa zai gane ladabi ne. Shi ma na daman ya samu aikin yi, ya daina zaman kashe wando." Har yau haka nake yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba.

Ranar da aka fara buga tambayoyi, ban gayyace shi ba. Ina isa makaranta na tarar da shi a kan bencin maigadi, cikin babbar rigarsa ta salla, ya ja bencin har ƙarƙashin tagar ofishina. Na ce, "Kaka, don Allah ka tafi gida." Ya ce shi iska ya zo sha.

Malamai suka tara min takardunsu, rubutun wani kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Hajiya ta zauna a teburinta tana nata aikin, amma na san idonta yana kaina. Na yi bisimilla na fara. Na kwafa, na sauke, na canza, na wuce. Ina cikin shafi na biyu sai na ji daga taga, da ƙarfi, "Adana!"

Hajiya ta zabura. Na yi kamar ban ji ba. Can an jima, "Adana!" Kafin a tashi tara, 'yan aji ɗaya sun ɗauka, suna zagaya fili suna tafi suna "Adana! Adana!" Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Dije, wane ne wannan dattijon?"

Na ce, "Kakana ne, Hajiya. Ba shi da cikakkiyar lafiya."

Daga taga aka ce, "Na ji ki!"

Hajiya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ni ma na yi dariya, kuma ikon Allah, daga nan tsoron ya tafi. Ban kai saurina na da ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma kafin la'asar babu takardar da ta rage a teburina. Na tattara, na tallafo na hagu da na dama, na miƙa mata. Ta bi su shafi-shafi. Sai ta ajiye ta ce, "Gobe ki zo da wuri, na 'yan aji biyar sun fi yawa."

Na fito da gudu, na durƙusa a gaban bencin nan ina kuka ina cewa, "Kaka, ta ce gobe! Ta ce in zo gobe!" Maigadi yana taya ni murna, malamai suna yi min barka. Tsohon nan ya haɗe rai ya ce, "Na gan ki. Kin taɓa shi."

"Me na taɓa?"

"Mawus."

"Haba Kaka! Matsar da shi na yi in ajiye takarda!"

Ya ce, "Haka ake farawa."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya tafi, bai ce min barka ba, har ya koma ga Mahaliccinsa bai ce ba.

Bayan rasuwarsa, ina yawan zuwa in taya Inna Rabi zaman takaba. Wata rana da yamma muna zaune a tabarma, an ɗauke ƙafa, sai na ga tana murmushi ita kaɗai. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Gyalena nake tunawa, wani kore, da kakanki ya lalata min."

Na ce, "Me ya haɗa Kaka da gyale?"

Ta ce ranar da labarin hannuna ya iso musu, ya rufe shago, ya sa aka ɗauko masa kwamfutar zuwa ɗakinsa, ya ce a ce wa masu nemansa ya yi tafiya. Ya miƙo mata gyalen ya ce ta ɗaure masa hannun dama a ƙirji, ta ɗaure tamau. Ta ce, "Na zaci tsufa ne ya taɓa shi. Ba ya kwancewa sai zai yi alwala ko zai ci abinci. Daga nan nake jin sa yana tsaki, yana faɗa da kwamfuta, yana ce wa yatsunsa marasa amfani. Wata rana ya ƙi bari in kwance, wai zai sha kunu a haka ya ji yadda kike ji, ya kifar da kwanon a jikinsa da gyalen duka. Yatsun hagun nan sai da suka kumbura, ni nake gasa masa."

Na ce, "Inna, don me?"

Ta ce, "Haka na tambaye shi. Ya ce shi fa duk rayuwarsa da hannu biyu ya yi aiki, ba zai je ya ce wa yarinya abu zai yiwu ba sai ya ga ya yiwu da idonsa. Ranar da ya cika shafi da hagu, ranar ya zo gidanki. Ya kuma ce in na gaya miki bai yafe ba." Ta share ido da bakin hijabinta. "To ga shi na faɗa. Ya zo ya hana ni."

Muka yi dariya, muka yi kuka, har aka kira magariba ba mu tashi ba. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, a ɗaure da gyalen matarsa, yana koyon abin da ba shi ne yake bukata ba. Ni kuwa ina can ina ce masa mugu.

Kaka, na gode. Ban faɗa maka yadda ya kamata ba kana raye, don na san cewa za ka yi in daina surutu in koma aiki. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya ba Inna haƙurin rashinka. Ya Allah, hannun nan na dama da bawanka Lawal ya ɗaure saboda ni, ranar da za a raba wa bayi littattafansu, ka miƙa masa nasa a cikinsa. Ku taya ni da amin.